Waya Kafin Albashi: Labarin Ƙananan Kamfanonin Talabijin Biyu a Amurka

Dala 25 a mako. Abin da aka ware ke nan don sayen duk kayan wasa na Captain Video, shirin da yaran Amurka ke rige-rigen zama gaban akwatin talabijin su kalla daga shekarar 1949 zuwa 1955. Labarin wani jarumi ne da ke yawo a sararin samaniya yana fatattakar miyagu, sai dai ɗaya daga cikin manyan na'urorinsa, wadda wai da ita yake hango abin da ke bayan bango, an harhaɗa ta ne da salansar mota da madubi da fulogi da ɗan farantin kakkaɓe tokar sigari. Masu shirin ba su sha wahalar nemo waɗannan tarkace ba, domin ɗakin da suke watsa shirin a cikin wani katafaren kanti yake a birnin New York, kantin Wanamaker, kuma akwai sashen kayan mota a cikinsa.

Abin da ya kai mu ga tono wannan tsohon labari ba nisa gare shi ba. Shekarun baya mun yi wa wata ƙaramar tashar talabijin aikin manhaja, muka yi 'yan watanni muna shiga muna fita. A nan muka ga yadda ƙarshen wata ke kasancewa. Ana sayen man janareta, ana biyan kuɗin tauraron ɗan'adam ranar da wa'adi ya cika, ko minti ɗaya ba a ƙarawa, sannan a tara masu ɗaukar hoto da masu tace shiri da masu karanta labarai a ce su ƙara haƙuri, kuɗin talla na hanya. Mu ma ragowar kuɗin aikinmu sai da muka yi ta sintiri. A lokacin mun ɗauka halin mai tashar ne, ko kuma halin ƙasarmu. Da muka karanta tarihin wasu ƙananan kamfanonin talabijin biyu na Amurka, DuMont da United Network, sai muka tarar da layin biyan bashi iri ɗaya, da mutum iri ɗaya tsaye a ƙarshensa.

Kafin mu shiga, ya kamata a gane irin kamfanin da ake magana. A Amurka tashoshin talabijin na garuruwa masu zaman kansu ne. Kamfanin gamayya shi ne ke shirya shiri a wuri ɗaya, yawanci New York, ya tura shi ta waya zuwa tashoshin da suka ƙulla yarjejeniya da shi, su watsa a lokaci guda. Da yawan garuruwan da shirin ke kaiwa yake sayar da talla. Ke nan jarinsa uku ne: tashoshi, waya, da mutanen da ke yin shirin. A ƙarshen shekarun 1940 irin waɗannan kamfanoni huɗu ne, NBC da CBS da ABC da DuMont. Ukun farko sun taso ne daga rediyo, da taurarinsu da masu ba su talla da kuɗin da rediyo ke kawowa. Na huɗun bai da rediyo ko ɗaya.

Allen B. DuMont injiniya ne, ba ɗan wasa ba, ba kuma ɗan kasuwar talla ba. A 1931 ya buɗe ɗan ɗakin gwaji a gidansa da ke jihar New Jersey, yana inganta kwalbar nan da ke nuna hoto a tsofaffin akwatunan talabijin. Zuwa 1938 ya fara sayar da akwatunan da kansa. To amma wa zai sayi akwatin da babu abin kallo a cikinsa? Wannan ce ta sa ya buɗe tasha a New York mai suna WABD, haruffan sunansa, da wata a Washington, WTTG, ya haɗa su da waya. A watan Agustan 1946 gamayyar DuMont ta fara aiki sosai, a Janairun 1949 kuma ya ƙara ta uku, WDTV a Pittsburgh. Ribar masana'antar akwatuna ce ke cike gurbin asarar da gamayyar ke yi. Mu da muke sana'ar kwamfuta mun san irin wannan kamfani sarai: injiniyoyi ne suka kafa shi, na'ura suke ƙauna, kayan aikinsa na gani na faɗa ne, amma idan aka zo kan albashin mai amfani da kayan sai a fara lissafi da yatsu.

Yadda aiki yake a ciki, Captain Video ya isa misali. Kai tsaye ake yin shirin, kwana biyar zuwa shida a mako, babu damar a ce a sake. Idan ɗan wasa ya manta maganarsa, ko bangon kwali ya girgiza, haka mutanen gari za su gani. A tsakiyar shirin akan saka wani yanki na tsohon fim ɗin kaboyi na kimanin minti bakwai, a gaya wa yara wai waɗannan wakilan Kyaftin ne da ke aiki a doron ƙasa. Gaskiyar magana ita ce cike lokaci ake yi da abin da ba a kashe masa kuɗi ba, kuma a waɗannan mintuna ne ma'aikata ke sauya fasalin ɗaki, 'yan wasa su ɗan numfasa. Wani shirin nasu na ɗan sanda mai bincike, Rocky King, a ofisoshi da barandar kamfanin ake yin wasu sassansa, don ba a da kuɗin gina dandali.

Shirin ya karɓu ƙwarai. Kantuna suka cika da huluna da bindigogin roba da sauran kayan wasan yara masu sunan Captain Video. Amma albashin 'yan wasan ƙanƙane ne har ta kai abin da suke samu idan suka sa kayan wasan suka je bikin buɗe kanti ko bajekolin ƙauye ya fi wanda kamfani ke ba su. Richard Coogan, wanda ya fara fitowa a matsayin Kyaftin, yana gama shirin yamma yake tarar tasi ya garzaya gidan wasan kwaikwayo na Broadway ya yi aiki na biyu. A 1950 ya ajiye aikin, kuma cikin dalilansa har da ƙin da masu shirin suka yi na ba 'yan wasa kaso daga kuɗin kayan da ake sayarwa da fuskarsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Aka ɗauko Al Hodge ya maye gurbinsa, shi ya riƙe har ƙarshe. Za mu dawo kansa.

Kada a ɗauka babu wanda ya tsaya wa ma'aikata. Ƙungiyoyin 'yan wasa sun haɗu sun kafa wata hukuma ta masu fitowa a talabijin, wadda ta ƙulla yarjejeniyar farko da manyan kamfanoni a ƙarshen 1950, sannan a 1952 ta haɗe da ƙungiyar 'yan rediyo suka zama AFTRA. Wannan ya sa an sami mafi ƙarancin abin da za a biya mutum. Sai dai yarjejeniya ƙasa take tsayarwa, ba ta ɗaga sama, kuma ba ta iya sa kamfani ya sami kuɗin da bai da shi.

Ina kuɗin DuMont ke tafiya? A nan ne labarin ya fi jan hankalinmu. Wayar da ke ɗaukar hoto daga gari zuwa gari ta kamfanin tarho na AT&T ce, shi kaɗai, babu na biyu. Wayoyin ba su da yawa a lokacin, saboda haka rabon sa'o'i ake yi tsakanin kamfanoni huɗun. A rabon 1950, NBC da CBS kowanne ya sami fiye da awa 100 na lokacin da aka fi kallo, ABC ta sami 53, DuMont ta tashi da 37. Bayan haka AT&T ya wajabta wa duk mai hayar wayar hoto ya haɗa da hayar layukan rediyo. Sauran ukun dama suna da rediyon da za su yi amfani da layukan. DuMont kuwa biya take yi don abin da ba ta da bukata. Kuma wannan bashi ne da ba a jinkirta shi, domin mai wayar ba ya bukatar kotu ko zanga-zanga. Makunni kawai zai taɓa, allo ya yi duhu daga Boston har Chicago.

Gwamnati ma ta ƙara mata nauyi. Dokar hukumar sadarwa ta FCC ta yarda kamfani ya mallaki tashoshi biyar. DuMont na da uku, tana son ƙara biyu, amma tun ƙarshen shekarun 1930 Allen DuMont ya sayar wa kamfanin fina-finai na Paramount hannun jari don ya sami kuɗin gudanarwa. Paramount na da tashoshi biyu nasa, a Los Angeles da Chicago. Hukumar ta ce ai Paramount ke juya DuMont, don haka uku da biyu sun cika biyar, ko da yake tashoshin Paramount ɗin ba su zama na gamayyar DuMont ba. Sannan daga 1948 zuwa 1952 hukumar ta dakatar da ba da sabon lasisi gaba ɗaya. Garuruwa da yawa tasha ɗaya ko biyu gare su, kuma waɗannan NBC da CBS suka fi so. Da aka ɗage dakatarwar, yawancin sababbin gurabe a zangon UHF suke, wanda akasarin akwatunan da ke gidajen mutane ba sa kamawa.

Idan aka haɗa waɗannan, lissafin a fili yake. Kuɗin waya ba ya raguwa, kuɗin wuta da haya ba sa raguwa, kuɗin talla kuma ba ya ƙaruwa tunda garuruwan da shiri ke kaiwa kaɗan ne. Wuri ɗaya ya rage da za a iya matsawa, wato mutane da kayan wasansu. Daga nan dala 25 ta fito.

Sakamakon haka DuMont ta zama makarantar horar wa wasu ma'aikata. A 1950 ta ɗauki wani ɗan barkwanci da bai yi suna sosai ba, Jackie Gleason, ya jagoranci shirin Cavalcade of Stars. A can ne a watan Oktoban 1951 ya fara ɗan gajeren wasan nan na direban bas da matarsa, The Honeymooners, wanda ya zama ɗaya daga cikin shahararrun wasannin talabijin a tarihin Amurka. Shekara na zagayowa CBS ta ninka masa albashi sau da yawa, ya kwashe kayansa ya tafi. Limamin Katolika Fulton Sheen, da ke tsayawa gaban allo da alli yana wa'azi miliyoyi na kallo, shi ma daga baya ya koma ABC. Wanda ya yi fice ya tafi, wanda ya rage shi ne wanda bai da inda za shi, kuma mai tasha ya san da haka.

Akwai kuma wadda ba ta tafi da ƙafarta ba. Hazel Scott, gwanar kiɗan piyano haifaffiyar Trinidad, ta sami shiri nata na kanta a DuMont a watan Yulin 1950, abin da da wuya a ga baƙar fata ta samu a Amurkar wancan zamani. Tun a watan Yunin shekarar sunanta ya riga ya fito a wani ɗan littafi da ke lissafa waɗanda ake zargi da kwaminisanci. A watan Satumba ta je gaban kwamitin majalisa da kanta don ta wanke sunanta. Mako guda bayan nan aka soke shirin. A ganinmu wannan ma yana cikin zancen tabbacin albashi. Kamfanin da ke rayuwa hannu baka hannu ƙwarya ba ya iya jure fushin mai talla ko na mako ɗaya, don haka ba ya iya tsaya wa ma'aikacinsa, ko da ya so.

Faɗuwar ta zo da sauri. A 1953 ABC ta haɗe da wani kamfanin gidajen silima mai kuɗi, ta tsere wa DuMont. An yi maganar haɗe ABC da DuMont, Paramount ya hana. A 1954 DuMont ta buɗe sabon ginin shirye-shirye na dala miliyan 5 a New York, a daidai lokacin da ribar akwatuna ke ja da baya. Kafin shekarar ta ƙare, neman kuɗi ya sa ta sayar da tashar Pittsburgh ga kamfanin Westinghouse a kan dala miliyan 9.75. Wannan tasha ita ce saniyar tatsarta, kuma da ita take ciniki da sauran kamfanoni: ku ba mu lokaci a garuruwanku, mu ba ku a Pittsburgh. Ranar 1 ga Afrilun 1955 aka soke yawancin shirye-shiryen nishaɗi, har da Captain Video. Abu na ƙarshe da gamayyar ta watsa shi ne wasan dambe, ranar 6 ga Agustan 1956.

Duk da haka DuMont ta yi shekara goma, kuma abin da aka fi tunawa da ita a kai shi ne ƙanƙantar albashi. Masana'anta ce a bayanta. Don a ga abin da ke faruwa idan babu komai a baya, sai a tsallaka shekara goma sha ɗaya zuwa 1967.

Daniel Overmyer attajiri ne da ya yi kuɗi da gina manyan rumbunan ajiyar kaya, yana kuma da tashar talabijin a garin Toledo. A 1966 ya yi shelar zai kafa gamayya ta huɗu, ya ɗauko Oliver Treyz, tsohon shugaban sashen talabijin na ABC, ya ba shi ragama. Tun kafin a fara watsa komai harkar rumbunan ta shiga matsala, Overmyer ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa ga wasu masu zuba jari, aka sauya suna zuwa United Network. Ranar 1 ga Mayun 1967 suka fara da shiri ɗaya tak, The Las Vegas Show, na awa biyu da dare, daga otal ɗin Hacienda, ɗan barkwanci Bill Dana na gabatarwa. Tashoshi fiye da 100 suka ɗauka. A ido, abin ya fi DuMont ƙyalli nesa ba kusa ba.

Sai dai sun fara ne a ƙarshen kakar talabijin, lokacin da masu talla sun riga sun kashe kasafinsu na shekara, kuma a daidai sa'ar da Johnny Carson ke riƙe da masu kallon dare a NBC. Ga kuma tsohon mai bin bashi yana nan inda aka bar shi. Tsarin AT&T bai yarda a yi hayar waya ta awa biyu a farashin awa biyu ba. Sai an biya na awa takwas kullum, kimanin dala 400,000 a wata, kuma kafin a yi amfani, ba bayan an yi ba. Da wa'adin watan Yuni ya zo, masu jarin suka ƙi ƙara zuba kuɗi. Ranar 1 ga Yuni aka aika wa tashoshi saƙon cewa an daina. Wata ɗaya cur. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya kai kansa kotu a matsayin wanda ya karye, kuma a jerin masu bin sa bashi, tare da bankuna, har da Bill Dana, mutumin da fuskarsa ce kaɗai hajar da kamfanin ya taɓa sayarwa.

A duba bambancin da ke tsakanin masu bin bashin nan biyu. Kamfanin waya kafin aiki yake karɓa, saboda haka bai taɓa bin kowa da yawa ba. Ma'aikaci bayan aiki yake karɓa, ke nan kullum shi ke ba kamfani rancen wata guda na guminsa, ba jingina, ba ruwa, kuma ba wanda ya taɓa kiran abin da sunan rance. Ranar da kamfani ya faɗi, a ranar yake gane cewa shi ma mai zuba jari ne, wanda ba a taɓa gayyata taron masu jari ba. A sana'armu ma haka take: kamfanin da ke ba da hayar manyan kwamfutocin da manhaja ke zaune a kai, kati yake caja a farkon wata, idan bai shiga ba ya rufe, shi ya sa ba mu taɓa jin an ce masa ya ƙara haƙuri ba.

Wanda ya tsira a wannan tarihi shi ne wanda ya sa aka rubuta haƙƙinsa a takarda tun kafin a san darajar abin. Bayan Gleason ya koma CBS, an ɗauki kashi 39 na The Honeymooners a faifan fim tsakanin 1955 da 1956, kuma abin dariyar shi ne da wata na'urar DuMont aka ɗauka, mai suna Electronicam. Audrey Meadows, wadda ta fito a matsayin matar direban, ta sa an saka mata sharaɗin cewa duk lokacin da aka maimaita shirin za a biya ta. An yi ta maimaita shi shekara da shekaru, tana karɓa. Abokiyar wasanta Joyce Randolph ba ta da wannan sharaɗi a kan waɗannan kashi 39, ba ta kuma samu ba.

Ma'aikatan DuMont kuwa ko abin da za a maimaita bai rage musu ba. Da yake kai tsaye ake shirye-shiryen, hanyar adana su ita ce a kafa kyamarar fim a gaban allo ta ɗauki abin da ke fita. An tara dubban irin waɗannan faifai. Tashoshin DuMont biyu da suka rage sun zama kamfanin Metromedia, wanda Rupert Murdoch ya sayi tashoshinsa ya kafa Fox a kansu a 1986, gamayya ta huɗu da ta yi nasara a ƙarshe. Tsohuwar WABD ita ce tashar Fox ta New York a yau, a cikin ginin nan na dala miliyan 5. Faifan kuwa babu wanda ya so ɗaukar nauyin ajiyarsu. A 1996 'yar wasa Edie Adams ta ba da shaida a wani zama da Laburaren Majalisar Amurka ya shirya, ta ce a shekarun 1970 an loda su a manyan motoci uku, aka kai bakin ruwa, aka zubar a mashigin tekun New York. Daga shirye-shirye fiye da 20,000 da DuMont ta watsa, 'yan ɗaruruwa ne suka rage.

Al Hodge, Kyaftin na biyu, ya yi fiye da shekara huɗu yana fitowa kusan kullum a gidajen miliyoyin mutane. Da shirin ya mutu, fuskarsa ta riga ta zama ta Captain Video a idon kowa, masu shirya wasanni suka daina kiran sa. Ya yi 'yan ƙananan ayyuka nan da can, daga baya ya bar harkar. Ya rasu a New York a 1979, cikin talauci, yana da shekara 66.